Mijin Inna

Maigidana mahauci ne a kasuwar Treichville, kuma in ya yanke magana a gida ba ya komawa kanta. Cikin dokokinsa wadda ta fi ci mini rai ita ce ta bakin ƙofa: Hausa a cikin ɗaki, Faransanci da zarar ƙafa ta taka tsakar gida. A Adjamé muke zaune, cikin gidan haya irin na Abidjan, ɗakuna a jere sun kewaye famfo ɗaya, kowane ɗaki da yarensa. Matan Jula suna wanki suna zuba Julanci da iya ƙarfinsu, maƙwabciyarmu ta jikin bango tana zagin 'ya'yanta da yarensu har unguwa ta ji, ba wanda ya taɓa ce musu kanzil. Mu kaɗai ke rage murya kamar sato harshen muka yi.

Ban ce ba shi da dalili ba. A shekarun da garin nan ya rikice, wasu samari masu tare hanya sun sauke shi daga mota yana dawowa daga mayanka, don kawai wayarsa ta yi ƙara ya ɗauka ya yi sallama, ya tambayi kwanan iyali. Suka zaunar da shi a rana, suka yi ta jujjuya takardunsa, suna tambayarsa yaushe zai koma ƙasarsu, shi da aka binne cibiyarsa a Treichville. Ya dawo gida bai iya cin abinci ba. Tun daga ranar ya kafa dokar, in na yi gardama sai ya ce baki shi ke yanka wuya. Rikici ya wuce, samarin sun zama magidanta, wataƙila ma a teburinsa suke sayen nama yanzu, amma dokar tana nan daram.

Ni ba 'yar garin nan ba ce. Daga wajen Maradi aka kawo ni amarya, Faransancin da ke bakina kuwa na tsintuwa ne, a bakin masu sayen kayan miya na same shi. Ya ishe ni ciniki, ya ishe ni faɗa da kwandasta, amma bai ishe ni lallashin yaro ba. Saboda haka a waje kusan bebiya nake da 'ya'yana. Babban ma abin ya haɗe masa biyu, don ɗan fari ne, ko sunansa ba na kamawa, balle in zauna hira da shi. Hausar da ya tashi yana ji daga bakina ba ta wuce ɗauko buta, tashi ka yi salla, wa ya fasa kofin nan. Yana ji sarai, amma da Faransanci yake amsawa. Da ya fara tasawa, in mun fita tare sai ya ba ni tazara, yana gaba ina baya. Wata rana a ƙofar makarantarsu na manta na ɗaga murya ina gaisawa da wata 'yar garinmu, ya matso ya ce mini a hankali, cikin Faransanci, wai ana kallonmu. Na kwana da abin a raina.

Mahaifiyata, Inna, tana can gida, kuma tun yaron yana ciki ta yi masa kamu. Da ya isa yaye ta aiko a kai mata mijinta, kamar yadda ake yi wa ɗan fari. Maigidana ya ce hanya ta yi nisa, ga maganar takardu, a bari sai ya yi wayo. Ya yi wayo, aka ce makaranta. Haka Inna ta yi shekaru tana auren miji a waya. In na kira ta, kafin ta tambayi lafiyata sai ta ce ina ragon mijin nan nata da ba ya aiko da cefane. In na miƙa masa wayar sai ya ce lafiya lau, lafiya lau, ya mayar mini kamar tana ƙona masa hannu. Inna takan ce layi ne ba kyau.

A gida jikoki ba sa raga mata. 'Ya'yan ƙanwata suna sace mata goro a gefen zane, suna ce mata mai baki ba haƙori, ita kuma tana bin su da muciya tana cewa ta fasa auren. Ni ma haka na yi da kakana, na sha ce masa tsohon banza a gaban baƙi yana dariya har da tari. Amma Inna takan ce waɗannan duk ƙananan mazaje ne, babban yana Abidjan yana tara mata dukiya, ranar da suka haɗu za a ji su.

Yanar ido ce ta kawo Inna Abidjan. Idanunta biyu suka rufe har ba ta gane mutum sai ya yi magana, aka ce a Treichville akwai inda ake kankarewa. Wana ya saka ta a mota, ta yi kwanaki a hanya, ta iso ƙafafu a kumbure. Ko ruwa ba ta sha ba ta ce a kawo mata shi. Lokacin ya zama saurayi, ya fi ubansa tsawo. Ta kama hannunsa, ta shafa kafaɗarsa, ta lalubi fuskarsa, sannan ta juyo wajen da take jin muryata.

"Wannan ne mijin? Duk tsawon nan ba tsoka, kuma wai ɗan mahauci? Ashe cutata anka yi."

Ɗaki ya ɗauki dariya, har maigidana da ke rakuɓe a bakin ƙofa saboda kunyar suruka. Inna ta karkata kai tana jiran ramuwa. Yaron ya yi murmushi ya yi mata barka da zuwa cikin Faransanci, da ladabi kamar yana gaban malaminsu. Ta ƙara jira kaɗan, sannan ta sake masa hannu ta ce a ba ta ruwa.

Ba ta karaya da wuri ba. Kullum da safe in zai tafi makaranta sai ta tare shi: ina goron amarya, ina kuɗin cefane, wane irin miji ne ke fita bai bar ko gishiri ba. Jikan kirki cewa zai yi goro ai sai mai haƙori, ko ya ce ta fara biyan kuɗin ɗaki. Shi kuwa da ya ji an maimaita goro, goro, sai ya je kasuwa ya sayo fari mai kyau a ganye, ya kawo mata da hannu biyu. Na ga fuskarta lokacin da ta shafa ta gane ko mene ne. Ta sa masa albarka, ta ƙulle goron a gefen zane, ba ta ci ba sai da ya bushe. Da dare ta tambaye ni ko fushi yake da ita, ko ƙyamarta yake. Na ce kunya ce. Ta ce kunyar kaka, a wace ƙasa aka taɓa yi.

Abu ɗaya ya sanyaya mini rai a zamanta: dokar bakin ƙofa ba ta hau kanta ba. Takan shimfiɗa tabarma a tsakar gida ta gaida kowa da Hausa, ina kwana, ina gajiya, ya yara. Matan Jula su amsa da nasu yaren, a yi ta dariya, ba a fahimci juna ba amma an gaisa. Har kunu suka riƙa aiko mata. Maigidana yana gani, ba bakin magana, don ba ya iya ɗaga ido a gabanta balle ya ce ta rage murya. Sama ba ta faɗo ba, ba wanda ya zo ya tambaye mu takarda. Na so in ce masa ka gani, amma na bari don zaman lafiya.

Ranar da za a fara duba idon, uban ya ce yaron ya raka mu ya riƙe mata hannu, tunda ba su da karatu da safen. Muka shiga bas daga Adjamé, cike maƙil. Wata mata ta tashi ta ba Inna kujera, ni na tsaya a gefenta, shi ya kama ƙarfe a gabanmu. A mahaɗar Indénié hanya ta cushe kamar kullum, masu talla suna bi tsakanin motoci da ruwan leda. Nan wasu 'yan makarantarsu suka shigo, maza da wata yarinya mai dogon kitso. Na ga yadda ya gyara tsayuwa, ya ɗan juya mana baya. Suka tafa, suka shiga yarensu na samarin Abidjan wanda rabinsa ba na ganewa.

Inna ba ta ga komai ba. Ta ji muryarsa tana tashi da fara'a, abin da ba ta taɓa ji a gida ba, sai ta miƙa hannu ta kamo gefen rigarsa ta ja. Muryarta irin ta mutanen karkara ce, wadda aka saba kiran mutum da ita daga wata gona zuwa wata.

"Kai mijin banza, da wa kake hira ka bar amaryarka zaune? Muryar mace nike ji. Hwaɗa mata da matarka a motar nan."

Kawuna suka juyo. Wani ya yi dariya, ba don ya gane ba, don dai tsohuwa ce ke ihu da baƙon yare. Yarinyar ta dubi hannun da ke riƙe da rigarsa, ta tambaye shi wace ce wannan. Ya zame rigar a hankali, bai waiwayo ba, ya ce:

"C'est une vieille de la cour."

Wata tsohuwa ce ta gidan hayarmu, abin da ya ce ke nan. Faransancina na kasuwa ne, amma ya kai in ji wannan. A bakin yaran Abidjan tsohuwa ba zagi ba ne, uwarsu ma haka suke kiranta. Da ya ce tsohuwata, da ba komai. Wata ya ce. Ya ƙara da cewa an roƙe shi ne ya raka ta asibiti, yarinyar har ta yaba masa kirki. Ni da ke tsaye kusa da shi ban ma samu shiga cikin bayanin ba.

Na so in kama sunansa a karon farko a rayuwata, in kira shi da ƙarfi a gaban abokan nasa, in ce wannan ce ta haifi wadda ta haife ka. Kafin in buɗe baki Inna ta taɓo ni.

"Ya yi magana. Mi ya ce?"

Fuskarta a ɗage, idanun nan farare suna neman inda nake, bakinta ya riga ya fara murmushi. Shekara da shekaru take jiran wannan amsa. Ban yi shawara da zuciyata ba, na ji bakina yana cewa:

"Ya ce ya sake ki, saki uku. Wai kin tsufa, kin cika surutu a mota, ki tattara tabarmarki ki koma gidan ubanki."

Inna ta tafa hannu ta tuntsire da dariya har hawaye na bin kuncinta. Ta ce ashe yana da baki, ashe ɗan banza ne na gaske, to ba inda za ta, zama daram, sai ya biya ta wahalar hanya. Yaron ya ji duk abin da na ce, don jin Hausa yana ji. Wuyansa ya sandare, bai juyo ba har muka haye gada. A kujerar baya akwai wani dattijo mai hula, da gani ɗan wajenmu ne, irin tsofaffin 'yan kasuwar nan da suka iya yaren biyu. Ya ji na yaron, ya ji nawa. Muka haɗa ido, ya sunkuyar da kai ya ci gaba da jan carbinsa.

Da yamma na faɗa wa maigidana. Na ɗauka zai tashi ya ɗauko bulala, ko aƙalla ya kira shi ya yi masa faɗa. Sai ya ce yaro ne, kuma garin nan sai da haka, wanda bai iya ɓoye kansa ba shi ake zaunarwa a rana. Na ce to barka, dokarka ta yi 'ya'ya, ka so ya ɓoye harshe ya haɗa da kakarsa ya ɓoye. Ya ce in rage murya maƙwabta na ji. Ranar ban rage ba, da Hausa na yi faɗan kuma ƙofa a buɗe. Yaron kansa ban ce masa uffan ba. Ban san da wane yare zan faɗi abin da ke raina ba, wanda na iya bai isa gare shi ba, wanda ke isa gare shi ban iya ba.

Daga ranar na zama tafinta. Inna ta samu abin da take so, ba ta kuma saki ba. Da safe ta tare shi ta ce tsohon miji, an dawo biko ne? Shi ya ce wani abu gajere cikin Faransanci, yawanci na makara ko sai na dawo. Ta juyo ta ce mi ya ce. Ni kuma in ce ya ce ko a kyauta ba ya so, ko in ce ya ce sai kin sa haƙoran roba. Duk abin da na taɓa yi wa kakana na kwaso na zuba a bakin ɗana. Inna ta yi ta dariya, ta kira ƙanwata a waya ta ce mijin Abidjan ya fi na gida iya tsiya, da Faransanci ma yake yi don kada ta rama. Shi yana tsaye da jakarsa yana jin ana yi masa ƙarya, bai taɓa musawa ba, bai kuma taɓa karɓar wasan ya ci gaba da kansa ba. Kalma ɗaya ta isa, ko da gurguwar Hausa ce, Inna ba ta da ruwa da daidai. Na jira, na ba shi hanya sau da yawa, har nakan yi shiru in dube shi kafin in fassara. Sai ya dubi agogon wayarsa.

An yi aikin ido ɗaya, ya yi kyau. Ranar da aka cire bandeji ta dube ni ta ce na tsufa, ta dubi ɗakinmu ta ce ashe a akurki muke. Da yaron ya shigo ta daɗe tana kallonsa. Daga baya ta ce kamar wana ya yi, har kunnuwan. Bayan ta fara gani wasan ya ragu. Takan yi, amma ba kullum ba, kuma in na fassara dariyar ba ta kai ta da. Na ɗauka gida take kewa.

Ɗaya idon aka ce sai bayan wani lokaci, ta ce ba za ta jira ba, damina ta kusa, wanda aka buɗe ya ishe ta ganin hanyar masallaci. Muka raka ta tashar motocin ƙasarmu da safe, ni da yaron, uban yana kasuwa. Ana ta ɗaure kaya a saman mota, ko'ina Hausa ce ke tashi, masu shayi, masu canji, 'yan kamasho. Nan ne kaɗai wuri a garin da ba wanda ke rage murya. Da aka fara kiran fasinja sai na ga yaron ya matso gabanta ya durƙusa har ƙasa. Na ce a raina yau zai yi mata wasan. Ya sunkuyar da kai, ya fito da Hausa a hankali, kalma bayan kalma, da ji ya kwana yana haddacewa.

"Allah ya kiyaye hanya, Hajiya. Mun gode."

Haka ubansa ke sallamar matan da suka sayi nama a teburinsa. Inna ba ta taɓa zuwa Makka ba, kuma ba wanda ya taɓa kiranta haka a gidanmu. Ta dube shi da idonta mai gani, ta ɗora masa hannu a ka.

"Amin, Alhaji. Allah ya yi albarka."

Ta aike shi ya sayo mata ruwa. Da ya ba da baya sai ta jawo ni na zauna kusa da ita a kan benci. Ta ce sakin nan na cikin bas ni na ƙirƙira shi, ta sani. Ta ce idonta ne ya mutu a lokacin, ba kunnenta ba, kuma muryar da ya yi magana da ita ba muryar wasa ba ce. Zancen haƙoran roba kuwa ta san inda na samo shi, tana tsakar gida ranar da na faɗa wa ubanta. Ta ce ta bi ni ne don ta ga ina so, ita ma kuma tana so. Na kasa ɗaga kai.

"Yanzu hwaɗa mini gaskiya, ɗiyar nan. Mi ya ce ma yarinyar?"

Na ce ba komai ba ne, maganar yara ce. Ta ce ba za ta hau mota da ƙarya a kunne ba. Direba ya danna oda. Na faɗa mata, yadda ya faɗa, ban ƙara ba ban rage ba: wata tsohuwa ce ta gidan hayarmu.

Ta gyara bakin mayafinta. Ba ta yi kuka ba, ni ce na yi. Can ta dafa gwiwata ta miƙe.

"To, ai maƙwabci ma yana da haƙƙi. Ki ce mishi in kin kira waya ya riƙa gaishe ni."

Ya dawo da ruwan, ta karɓa ta yi godiya, ta hau. Muka tsaya har motar ta fita daga tasha. A hanyar komawa Adjamé yana gaba ina baya, kamar yadda muka saba. Sai da muka shiga ɗaki na rufe ƙofa, inda doka ta yarda in yi Hausa, sannan na isar masa da saƙon kakarsa. Da Faransanci na isar, don in tabbata ya gane.